Yamaha R3 na hannu: babur na farko ne mai kyau, ko kuwa ya yi ƙanƙanta kamar yadda ake faɗa?

Ɗan Zariya: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar manyan babura. Shekara bakwai ke nan ina hawan Boxer, kafin shi kuma na yi shekara biyu a kan roba-roba, saboda haka titi ba baƙona ba ne, sai dai ban taɓa mallakar babur mai siffar na tsere ba. A makon jiya aka nuna mini wani Yamaha R3 ƙirar 2019, shuɗi, wanda aka shigo da shi na hannu daga Amurka, agogonsa yana nuna mil 9,000 da 'yan kai. Na zauna a kansa ƙafafuna biyu suka taka ƙasa sosai, aka tayar da shi na ji sautin injin ya kwanta mini a rai. Abin da ya tsayar da ni shi ne maganar abokaina biyu, waɗanda suka ce babur ɗin yara ne, wata uku zan yi in gaji da shi, gara in ƙara haƙuri in tara kuɗi in sayi babban yayansa, Yamaha R6, gaba ɗaya. A Kaduna nake aiki, iyalina suna Zariya, duk Juma'a nakan tafi gida in dawo ranar Lahadi, sauran kwanakin kuma zirga-zirgar cikin gari ce. Don Allah wanda ya san babur ɗin nan ciki da waje ya faɗa mini gaskiyarsa.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Bari in fara da abin da ke rubuce, tunda shi ne ba a jayayya a kansa. R3 ya fito kasuwa a 2015, kuma a Indunusiya ake ƙera shi. Injinsa mai silinda biyu ne a jere, girmansa cc 321, ruwa ne ke sanyaya shi, kowace silinda tana da bawul huɗu, kuma injekta gare shi ba kafireto ba. Ƙarfinsa doki 42 ne idan injin ya kai juyi 10,750 a minti ɗaya, ƙarfin jansa kuma kimanin Nm 29.6 a juyi 9,000. Giya shida gare shi, tankinsa na cin lita 14, tsayin kujera daga ƙasa milimita 780, nauyinsa da mai da komai yana wajen kilo 169. Tayar gaba 110/70-17 ce, ta baya 140/70-17, faifan birkin gaba guda ɗaya ne mai faɗin milimita 298, na baya 220.

Ƙirar 2019 da aka nuna maka ita ce aka yi wa gyara na farko mai yawa. An sa mata shokazoban gaba irin na kife, mai kaurin milimita 37, an mayar da agogon gaba ɗaya allo, an sa fitilun LED, an sauke hannun tuƙi ƙasa da milimita 22, aka kuma sake fasalin robobin jiki suka yi kama da na babur ɗin da Yamaha ke shiga gasar MotoGP da shi. Injin kuwa kusan yana nan yadda yake.

Yanzu ka dubi Boxer ɗinka. Mai cc 100 ɗin nan bai kai doki 10 ba. Wato abin da abokanka ke kira babur ɗin yara ya ninka wanda kake hawa fiye da sau huɗu. Sunan "na masu koyo" da ake ba shi ya samo asali ne daga tsarin lasisin Turai, inda suke da mataki mai suna A2 wanda bai yarda sabon mahayi ya hau abin da ya wuce kilowat 35 ba, kusan doki 47 ke nan. Da wannan ma'aunin aka kira shi ƙarami, ba da ma'aunin titin Kawo ba.

Mai Totur: Injiniya, lissafinka daidai ne, amma ni ban yarda da inda kake son kai shi ba. Na ga mutane da dama sun sayi irin waɗannan ƙananan, ba su rufa shekara ba suka fara neman mai saye, kuma duk wanda ya sayar da abu cikin gaggawa ya san asarar da yake yi. Mutumin da ya yi shekara tara a kan babur ya riga ya san kulochi, ya san birki, ya san halin direbobin Adaidaita Sahu. Me ya rage masa ya koya? R6 yana da silinda huɗu, cc 599, ƙarfinsa ya kusa doki 120, kuma idan kana tafiya tare da jama'a a hanyar Abuja ba za a bar ka a baya kana kallon ƙurarsu ba. Totur ai a hannunka yake, babu wanda ya ce sai ka murɗe shi duka. In dai za a kashe kuɗi, a kashe sau ɗaya a huta.

Baban Walid: Malam Mai Totur, maganar nan ta cewa totur a hannunka yake ita ce na fi jin tsoro a duk muhawarar babura, kuma zan faɗi dalili. Ni R3 nake hawa, ƙirar 2017, yau shekara uku, kuma daga Jincheng na taso kamar yadda ɗan'uwanmu ya taso daga Boxer. Abin da ƙaramin babur yake koya wa hannun mutum shi ne ya murɗe totur har ƙarshe a kowane lokaci, domin in bai yi haka ba babur ɗin ba zai motsa ba, ya kuma taka birkin baya da ƙarfi domin na gaba ba abin dogaro ba ne. Waɗannan ɗabi'u biyu sun zauna a jiki, ba a tunani ake yin su ba. Ranar da akuya ta faɗo maka titi, ko taya ta faɗa rami hannunka ya girgiza, ba za ka tsaya shawara da kanka ba, abin da hannu ya saba shi zai yi. A kan doki 42 wannan kuskuren yana ba ka tsoro ne ka dawo hayyacinka. A kan doki 120 ba lallai ka samu damar jin tsoron ba.

Game da yadda yake tafiya kuwa, ga abin da na sani. Ƙasa da juyi 6,000 babur ne mai ladabi, ba ya fizga, za ka iya bin cunkoson Kasuwar Barci da shi a giya ta biyu ko ta uku ba tare da ya wahalar da kai ba. Daga juyi 7,000 zuwa sama halinsa yakan canza, sautin ya ƙara kaifi, sai ka ji kamar an saki wani abu da aka ɗaure. Wannan ne ya sa wanda ya hau shi na minti biyar a cikin unguwa yake cewa ba shi da ƙarfi, alhali bai je inda ƙarfin yake ba. A giya ta shida, kilomita 100 a awa yana zuwa ne tsakanin juyi 6,000 da 7,000, kuma akwai sauran abin da za ka wuce tirela da shi idan ka sauko giya ɗaya ko biyu. Ƙarshen gudunsa yana kusa da kilomita 180 a awa. Ku tuna cewa ko motar gida ce, iyakar da dokar hanya ta ba ta a babban titi 100 ce. To ina ne tsakanin Kaduna da Zariya za a ce 180 ta yi kaɗan?

Mai kuma, ni nakan samu wajen kilomita 25 a lita ɗaya idan ban matsa masa ba, tanki ɗaya yakan kai ni kusan kilomita 300 kafin alamar ƙarewar mai ta fara ƙiftawa. Tafiyarka ta gida kusan kilomita 80 ce, ka ga za ka je ka dawo da sauran mai na kwanakin aiki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan ba ƙaramin zance ba ne, kuma mai silinda huɗu ba zai yi maka wannan sauƙin ba.

Ɗan Zariya: Na gode, Baban Walid. To zaman fa? Ina jin ana cewa irin waɗannan baburan suna karya baya da wuyan hannu.

Baban Walid: R6 ne ke yin haka, domin kujerarsa milimita 850 ce, hannunsa kuma yana can ƙasa, mutum yana kwance ne a kan tanki kamar mai leƙen rijiya. R3 siffar tsere kawai ya ɗauka, zamansa bai tsananta haka ba. Za ka sunkuya kaɗan, kuma a makon farko wuyan hannunka zai yi tsami saboda za ka riƙa ɗora nauyinka a kansa. Maganinsa shi ne ka matse tanki da gwiwoyinka, ka bar hannuwanka sakayau. Na 2019 ya fi nawa sunkuyo kaɗan, kamar yadda Injiniya ya ambata.

Abu biyu ne ba a faɗa wa mai saye. Na farko, ba ya juyawa a ƙunci kamar Boxer, domin kansa ba ya karyewa sosai, kuma a nan ne yawancin sababbi suke kayar da shi, a tsaye ko a tafiyar hawainiya, a ƙofar gida ba a kan titi ba. Ni kaina a ƙofar masallacin unguwarmu na fara kayar da nawa, ina ƙoƙarin juyawa a kan yashi na kama birkin gaba, kilo 169 ya kwanta a hankali ina riƙe da shi, yara suna kallo. Madubi da robar gefe suka tafi. Na biyu, ba a hawansa da doguwar riga. Na gwada sau ɗaya ranar Juma'a, na naɗe ta na cusa a ƙarƙashina, duk da haka iska ta zaro gefenta tana kaɗawa dab da sarƙa, sai da na tsaya na cire na sa a jaka.

Malam Bakanike: Salamu alaikum. Ni ba zan shiga gardamar gudu ba, abin da yake zuwa gabana a gareji shi zan faɗa. Ɗan Zariya, kafin ka yi maganar kuɗi da mai babur ɗin nan, ka sani cewa da yawa daga baburan da ake kawowa na hannu daga Amurka waɗanda suka yi haɗari ne aka yi gwanjonsu, aka zo nan aka sa musu sababbin robobi. Roba ba ta da wuyar canzawa, ƙarfe ne ba ya ƙarya. Ka duƙa ka dubi ƙarshen hannun tuƙi, da bakin ƙarfen birki da na kulochi, da wurin taka ƙafa, da gefen salansa. In ka ga an goge ko an yi sabon fenti a gefe ɗaya kawai, ya taɓa kwanciya. Wannan kaɗai ba ya hana saye. Abin da ke hana saye shi ne ka juya kan babur hagu da dama har ƙarshe, ka dubi ɗan ƙarfen da ke tare shi a jikin shasi. In ya lanƙwashe, ko ya tsage, ko an yi masa walda, to bugun gaba ya sha, ka bar musu abinsu. Ka kuma shafa sandunan shokazoban gaba da farin ƙyalle, in ya ɗebo mai to roban ciki ya mutu.

Ka ce kada su tayar da shi kafin ka iso. Ka taɓa injin ka ji shi da sanyi, sannan a tayar a gabanka, domin injin da ya yi ɗumi yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Ka bar shi yana aiki a tsaye har fankar lagireto ta kama da kanta ta kuma tsaya da kanta. In ba ta kama ba, akwai magana.

Lagireton nan shi ne babban bambancinsa da baburan da muka saba. Boxer iska ce ke sanyaya shi, ko ka manta da shi zai yi ta tafiya. Wannan kuwa a watan Afrilu, cikin cunkoso, rayuwarsa tana kan ruwan sanyaya inji da fanka. An taɓa kawo mini wani da mai shi ya kai wa wani yaro gyara, yaron ya juye ruwan da ya zo da shi ya ɗura masa ruwan rijiya. Bayan 'yan watanni da muka buɗe, ciki duk tsatsa da farin gishiri kamar butar shayi. Da hunturu kuma ƙura takan toshe ƙananan ramukan lagireto, sai a wanke da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba, ban da injin wankin mota mai feshi da ƙarfi, domin yana lanƙwasa su.

Baƙin mai ma haka. Kulochinsa a cikin mai yake wanka, saboda haka baƙin man mota ba ya yi masa, yakan sa kulochi ya riƙa zamewa. Ka nemi na babur mai alamar JASO MA, irin 10W-40, yana cin kimanin lita 2. Sarƙarsa mai ƙananan zobban roba ce a ciki, da kananzir ake wanke ta ba da fetur ba. Kuma ka rabu da man 'yan bumburutu, famfon mai da injekta ba sa yafe datti, ba kuma irin kafireto ba ne da za a kwance a bakin titi a busa a mayar. Ba shi da kik, in batir ya mutu sai turi.

Injiniya: Malam ya gama magana a kan gyara, sai dai zan ƙara abu ɗaya wanda a ganina ya fi duk sauran muhimmanci, wato ABS, na'urar da ke hana taya kullewa idan an kama birki da ƙarfi. A Turai doka ta wajabta shi a kan sababbin baburan da suka wuce cc 125, amma a Amurka an sayar da R3 na waɗannan shekarun iri biyu, mai ABS da marar shi, kuma bambancin farashinsu a can 'yan ɗaruruwan daloli ne a kan babur ɗin da sabonsa yake wajen dala 5,000. Tunda daga can aka kawo wannan, kada ka yarda da baki. Ka dubi tsakiyar faifan birkin gaba, in akwai wani ƙaramin zobe mai ramuka a jere da 'yar waya a kusa da shi, to yana da shi. In ka murɗa makulli fitilar ABS za ta kama, ta kuma mutu bayan babur ya fara tafiya. In ta ƙi mutuwa, ko ba ta kama ba sam, wataƙila an taɓa wani abu.

Aikinsa shi ne yana auna juyin taya, da zarar ya ga za ta kulle sai ya saki birkin ya sake kamawa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. A titin da yashi yake taruwa a kowane shatale-tale da kowace kwana, tayar gaba da ta kulle faɗuwa ce nan take, babu wani gwaninta. Da za a ba ni zaɓi tsakanin na 2019 marar ABS da na 2017 mai ABS, na biyun zan ɗauka ko da shokazobansa tsohon yayi ne.

Mai Totur: To na ji, a bar maganar R6. Amma in dai a wannan aji za a tsaya, me ya sa R3? Kawasaki Ninja 400 ya fi shi ta kowace fuska. Injinsa cc 399 ne, doki 45 a ƙirar Turai, ƙarfin jansa Nm 38 a juyi 8,000, nauyinsa kilo 168, wato bai fi R3 nauyi ba amma ya fi shi ja nesa ba kusa ba. Faifan birkinsa milimita 310 ne, tayar bayansa ta fi faɗi, kuma tun fitowarsa a 2018 yake da kulochin nan mai hana tayar baya tsalle idan an sauko giya da gaggawa, abin da R3 bai samu ba sai a ƙirar 2025. Wannan ƙarin jan shi ne zai hana mutum gajiya da babur da wuri, domin ba sai ya yi ta kai injin sama ba kafin ya wuce mota.

Injiniya: A nan kam na ba ka gaskiya. Bambancin Nm 29.6 da 38 abu ne da ake ji a jiki, musamman da goyo ko a hawan tudu. Akwai kuma KTM RC 390, mai silinda ɗaya, cc 373, doki wajen 43, wanda abin sha'awa Bajaj ne ke ƙera shi a masana'antarsa ta Chakan kusa da Pune a Indiya, wato kamfani ɗaya ne ke ƙera shi da Boxer. Shi ya fi su duka zafin nama a kwana, sai dai kujerarsa ta fi tsayi, zamansa ya fi tsanani, kuma silinda ɗaya tana da girgiza a doguwar tafiya. Duka ukun an yi tsere da su a gasar duniya ta Supersport 300 da aka fara a 2017. Wanda ya fara lashe ta, Marc García, a kan R3 ya yi, a shekara ta biyu kuma Ana Carrasco ta lashe a kan Ninja 400. Ka ga ba kayan wasan yara ba ne ko ɗaya.

Inda R3 ya ɗan fi dacewa da mu shi ne tazarar cikinsa daga ƙasa, milimita 160, alhali ta Ninja 400 tana wajen 140. Santimita biyu ba komai ba ne a takarda, amma wanda ya san irin tudun rage gudu da mutanen unguwa suke ginawa da kansu ya san amfaninsu.

Malam Bakanike: Kuma ku tuna ba kanti za a shiga a zaɓa ba. Abin da aka samu mai lafiya shi ne babur mafi kyau. Lafiyayyen R3 ya fi Ninja da aka miƙe wa shasi, haka ma in aka juya maganar. Kayan gyaran dukkansu ba a samun su a kowane shago kamar na Boxer. Fulogi, matatar mai da takalmin birki ana samu in an bincika a Panteka ko a aiko daga Legas, amma roba, fitila ko lagireto sai an yi oda a jira makonni. Wanda babur ɗin shi ne kaɗai abin hawansa ya yi wannan lissafin.

'Yar Damagaram: Sannunku da ƙoƙari, ina biye da ku tun farko. A nan wajenmu mata suna hawan babur ba abin mamaki ba ne, ni ma da shi nake zuwa aiki, kuma na ji daɗin da Injiniya ya ambaci Ana Carrasco, domin ita ce mace ta farko da ta ci gasar duniya ta tseren babur irin wannan. Tambayata ga Baban Walid ita ce batun goyo. Ɗan'uwanmu ya ce yana da iyali, to uwargida za ta iya hawa bayan wannan abin kuwa? Na ga kujerar bayan a hoto, ba ta fi tafin hannu biyu ba, kuma tana can sama.

Baban Walid: Hajiya, kin taɓo inda yake ciwo. Sau ɗaya Maman Walid ta hau, daga gida zuwa gidan suna a unguwar da ke kusa, da muka isa ta ce ita a Adaidaita za ta koma. Kujerar ƙarama ce, tana da tauri, wurin taka ƙafa yana sama har gwiwa ta naɗe, babu ƙarfen riƙewa na kirki, kuma zaman gefe ɗaya da matanmu suke yi da zani ba ya yiwuwa a kanta ko kaɗan. Babu inda za a ɗaura buhu, babu inda za a rataya leda. A ƙarƙashin kujerar baya takardu da ɗan makulli kawai suke shiga. Shi ya sa ban sayar da tsohon babur ɗina ba, shi ne na cefane da kai yara makaranta.

Ɗan Zariya: Wannan ya sa na sake tunani, domin niyyata ita ce in sayar da Boxer in cika kuɗin.

Baban Walid: Kada ka sayar, ƙanena. In kuɗin ba zai kai ba sai da shi, to lokacin saye bai yi ba tukuna. Kuma a cikin lissafinka ka ware kuɗin hular kwano mai rufe fuska duka, wadda take da tambarin gwaji na ECE ko DOT, ba irin ta masu aikin gini ba da aka yi ta sawa lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta hula a farkon 2009. Ka haɗa da safar hannu, jaket mai kariya a kafaɗa da gwiwar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu. Akwai jaket mai raga-raga da iska ke ratsawa, ita ce ta dace da zafinmu. Sannan tayoyi: babur ɗin da ya yi mil 9,000 kacal tun 2019 mai yiwuwa tayoyinsa na asali ne, zanensu yana nan amma robar ta bushe. A gefen taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga sun haura shekara biyar, ka sa kuɗin sababbi a cikin ciniki.

Mai Totur: Mil 9,000 ɗin ma a duba, kusan kilomita 14,500 ke nan. In robar wurin taka ƙafa ta cinye, ko haƙoran faifan sarƙa sun yi tsini kamar ƙaya, to agogon ba gaskiya yake faɗa ba. Ni dai har yanzu ina nan a kan cewa in ya samu Ninja 400 mai lafiya a kuɗin da bai yi nisa ba, ya ɗauke shi. Amma na janye maganar cc 600, ba don an kayar da ni ba, sai don na tuna yadda na sha wuya da nawa a cunkoso, cinyoyina kamar ana gasa su.

Injiniya: Sauran takardu. Ka karɓi takardar kwastan ka gwada lambar shasi da ke jikinta da wadda aka buga a wuyan babur, harafi da harafi, guda 17 ne. Harafi na goma shi ke nuna shekarar ƙira, na 2019 K ne, saboda haka in an ce maka 2019 ka ga wani harafin daban, ka tambayi dalili. Lasisinka kuma ya zama na aji A, wanda shi ne na babur.

Ɗan Zariya: Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira mai babur ɗin yanzu, na tambaye shi batun ABS, ya ce yana jin akwai amma bai tabbata ba, na ce ya ɗauko mini hoton tayar gaba ta ɓangaren faifan birki da na lambar shasi. Na kuma gaya masa kada ya tayar da shi ranar Asabar kafin mu zo. Malam Bakanike, in ba za ka damu ba ina so mu je tare, zan biya kuɗin lokacinka.

Malam Bakanike: Babu damuwa, amma sai bayan azahar, da safe ina da aikin da na yi wa mutum alkawari. Ka zo da farin ƙyalle da tocila, ni zan taho da abin auna batir da na auna iskar taya. In ya turo hoton kafin nan ka sa mana shi mu gani, domin in babu zoben nan a jikin faifan, sai mu san da wane farashi za mu fara yi masa magana.